Sau Nawa Ya Kamata a Leƙa Rumbu?

Akwai wata 'yar tambaya wadda ba a cika ɗaukarta da muhimmanci ba, alhali kuwa sau da yawa ita ke raba aikin da ya tsaya da ƙafarsa da wanda ya rushe. Tambayar ita ce: sau nawa? Kowane manomi ya san za a yi noma bayan shuka, amma sanin ko sau biyu za a zagaya gonar ko sau uku, shi ke nuna gwanintarsa. Haka kuma mai jinya ya san za a sha magani, amma in aka sha na sau uku sau ɗaya, ko na sau ɗaya sau uku, to, maganin ya koma wani abu dabam. Wannan tambaya ce ta tsare mu a kan wani aikin kwamfuta da muke yi a Hardawa, har ta kusa raba kanmu, kuma ita muke so mu baje wa mai karatu a nan.

Mu biyar ne, dukanmu haifaffun Hardawa ta ƙasar Misau, ba nisa da Azare. Neman ilmi da na abinci ya warwatsa mu. Ɗaya yana koyarwa a Azare, ɗaya yana karatu a jami'ar jiha da ke Gadau, ɗaya yana aiki a Kano, biyu kuma suna gida, suna noma suna riƙe da shagon cajin waya. Abin da ya haɗa mu shi ne wata 'yar manhaja da muke rubutawa domin 'yan kasuwar hatsi na garinmu, wadda za ta riƙe musu lissafin buhunan gero da dawa da wake da riɗi, da wanda ya biya da wanda ake bi bashi, a cikin harshen Hausa. Ga wanda ya saba da manyan ayyuka, wannan ba wani abu ba ne. Amma duk wanda ya taɓa ganin dattawa biyu sun daina gaisawa saboda littafin bashi ya jiƙe da ruwan damina, ya san abin da muke nema mu tsare.

Manhaja dai rubutu ce, layi bayan layi na umarni da ake ba kwamfuta. In mutum biyar suna rubuta abu guda daga garuruwa huɗu, tilas a sami wurin da ake tara rubutun, a kuma san wa ya sauya me, kuma yaushe. Abin da akasarin masu wannan sana'a ke amfani da shi a duniya shi ne Git, wanda Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan, ya ƙirƙiro a shekarar 2005 domin aikin Linux. Hikimar Git ita ce kowane ma'aikaci yana riƙe da cikakken kwafen aikin a na'urarsa, har da tarihin duk gyaran da aka taɓa yi. Sa'an nan a zaɓi wuri guda a intanet inda kowa zai riƙa kai nasa ya ɗebo na 'yan'uwansa. Mu GitHub muka zaɓa, wanda aka buɗe a 2008, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018. A tsakaninmu wannan ma'ajiya rumbu muke kiranta, domin kuwa kowa yana zubawa, kowa yana ɗiba.

To, amma babban rumbu yana can wata uwa duniya, zuwa gare shi kuwa sai da sabis da data. Ga shi kuma akwai ƙannenmu, 'yan sakandare, da ke taruwa a shagon da yamma suna koyon aikin, kuma ba mai kuɗin data a cikinsu. Don haka muka ajiye wata tsohuwar kwamfutar cinya a ƙuryar shagon, muka mai da ita ƙaramin rumbu. Aikinta shi ne ta riƙa leƙa babban rumbu da kanta, ta ɗebo abin da aka ƙara daga Kano da Azare da Gadau, ta kuma tura abin da 'yan gida suka rubuta. Yaran kuwa daga gare ta suke ɗiba, ba su kashe ko kwabo. Amfanin wannan dabara ya fito fili ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wasu manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace, sadarwa ta yi ta jan ƙafa a Nijeriya da maƙwabtanta har kwanaki. Ƙaramin rumbunmu yana nan cike, aiki bai tsaya ba.

Mai tashin kwamfutar ta yi wannan leƙe wani tsohon bara ne da ake kira cron, wanda ya samo asali daga tsarin Unix tun shekarun 1970. Ba ya barci, ba ya mantuwa, ba ya kuma tambayar dalili. Layi ɗaya tak ake rubuta masa mai gurabe biyar: minti, da awa, da ranar wata, da wata, da ranar mako. Abin da ka cika a guraben nan shi zai bi har na'urar ta mutu. Ɗan'uwanmu na Kano shi ya kafa aikin tun farko, ya kuma sa shi kamar yadda suke yi a ofishinsu, watau duk minti biyar. A can wannan daidai ne, domin ma'aikata suna da yawa, rubutu yana kwarara yini zubur, wuta da sabis kuma ba su cika yankewa ba.

Hardawa kuwa ba Kano ba ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, janareta ya gagari shagon, aka koma ga faifan sola da batir guda. Batirin nan shi ke cajin wayoyin jama'a, cajin nan kuwa shi ne cefanen gidaje biyu. Leƙe duk minti biyar yana nufin sau 12 a awa, sau 288 a yini, sau 2,016 a mako, kuma yana nufin kwamfutar da modem ba su hutawa dare da rana. Gaskiya ne leƙen da bai tarar da sabon abu ba ba ya cin data mai yawa, amma Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Bugu da ƙari, in sabis ya yi rauni, leƙen farko bai gama ba na biyu ya taso, na uku ya biyo, su yi ta cin karo da juna a bakin ƙofa guda, kwamfutar ta yi ta tara saƙonnin kuka. Da aka shiga 2025, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari, sai maganar da ake ta ɗagawa ta zama tilas a zauna a kanta.

Babbanmu, wanda shagon ke hannunsa, shi ya fara buɗe baki. Ra'ayinsa shi ne a mai da leƙen sau ɗaya a mako, daren kasuwa, lokacin da ciniki ya yi kyau, aka sami na data. Hujjarsa kuwa ba ta da makusa: gyare-gyaren da mu biyar ke yi a yini ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ba, wani yinin ma ba ko ɗaya. Mene ne amfanin aiken yaro tasha sau ɗari biyu da tamanin da takwas ya dubo baƙon da sau biyu yake zuwa? Na Kano ya ƙi. Ya ce, “Yaya, in aka yi haka, abin da yaran nan suka rubuta ran Litinin zai kwana shida a na'ura guda. In ɓarawo ya shiga, ko ruwa ya zubo ta rufi, ko faifan ajiyarta ya ƙone, ina za mu samo shi?” Ya kuma ƙara da abin da duk mai aiki da Git ya sani: in mutum biyu suka gyara layi guda ba tare da sanin juna ba, Git ba ya zaɓa musu, sai ya tsaya ya ce su sasanta da hannu. In tazarar ta yini ce, sasantawar ta minti kaɗan ce. In ta mako ce, tana iya cinye yini guda, ta kuma bar ɓacin rai, domin tilas aikin wani ya sha gogewa.

Haka muka yi makonni, ɗaya yana kan 2,016, ɗaya yana kan 1, sauran muna tsakiya muna ba kowa gaskiya. Abin ya wuce maganar lamba. Na gida yana ganin 'yan birni ba su san zafin batir ba, na birni yana ganin 'yan gida ba su ɗauki aikin da gaske ba. Akwai lokacin da aka yi kwana uku ba wanda ya ce uffan a zaurenmu na WhatsApp, wanda a da ba ya yin shiru ko na rabin yini.

Na Gadau ya kawo wata shawara mai kyau. Ya ce ai akwai hanyar da babban rumbu da kansa zai riƙa aiko da sanarwa duk lokacin da aka zuba sabon abu, kamar yadda mai shela ke zagaya gari, ba sai kowa ya je fada ya tambaya ba. Haka ne, GitHub yana da wannan tsari. Sai dai mai shela yana bukatar ƙofar da zai tsaya, kwamfutar da ke bayan modem na layin waya kuwa galibi ba ta da adireshin da za a same ta daga waje. Samar mata da shi wani kuɗi ne da wata ɗawainiya da suka fi ƙarfin shagon. Don haka muka dawo kan tambayarmu.

Inda muka sami bakin zaren ba wajen masana kwamfuta ba ne. Akwai wani alaramma mai tsangaya a bayan gari da yakan aiko da wayarsa caji, wata rana kuwa ya zo da kansa ya tarar ana gardamar. Da aka yi masa bayani gwargwadon hali, sai ya yi murmushi ya tambaye mu ko mun taɓa lura da yadda gardi ke tsare karatunsa. Babbanmu ya ce, “Allah ya gafarta Malam, sai dai a ƙara mana haske.” Ya ce allon da aka rubuta yau, kafin a haddace shi ake kawo shi darasu a gyara, domin kuskuren da ya shiga ƙirji fitar da shi aiki ne. Sabon karatu ana maimaita shi safe da yamma da dare. Wanda ya zauna kuwa, a tilawa ake bi ta kansa bisa zagaye: izu sittin ne, mai izu biyu a yini yana saukewa a wata, mai ƙarfi kuma ya sauke a mako. Ya ce almajirin da ke kawo allo bayan kowace kalma ya hana malam sakat, ya hana kansa rubutu. Wanda kuma ya ɓoye allonsa har ya haddace, ya haddace da kurensa. Daga nan ya karɓi wayarsa ya yi mana sallama.

Ba mu kwatanta aikinmu da nasu ba, ina! Hikimar tsarin kawai muka ara. Abin da muka fahimta shi ne, yawan dubawa yana bin saurin sauyawar abin da ake dubawa, yana kuma bin girman asarar da za a yi in aka makara. Abu mai motsi a dube shi a kai a kai, abin da ya kwanta a ba shi tazara. Da muka ɗora wannan a kan aikinmu, sai tambayar ta rabu gida biyu masu sauƙin amsawa. Ta farko, yaushe ne ainihin ake zuba sabon abu a rumbu? Amsa: 'yan birni da dare suke rubutu bayan sun tashi aiki, yara kuma tsakanin la'asar da magariba. Ta biyu, aikin awa nawa za mu iya jure rasawa ba tare da zuciya ta karaya ba? Kowa ya yarda na yini guda ana iya sake shi, na mako kuwa yana iya sa yaro ya bar koyo gaba ɗaya.

Ana cikin haka na Azare ya kawo wani labari da ya girgiza na Kano fiye da duk hujjojin batir. A watan Maris na 2013, ƙungiyar KDE, masu rubuta manhajoji na kyauta daga ƙasashe da dama, ta kusa rasa rumbunanta kimanin 1,500. Ajiyar babbar na'urarsu ce ta lalace, ƙananan na'urorin da ke kwafarta a kai a kai kuwa suka yi aikinsu da aminci: suka kwashi lalatacce suka ɗora a kan lafiyayyen da ke hannunsu. Abin da ya cece su shi ne wata na'ura guda wadda lokacin leƙenta ya faɗo daidai sa'ad da babbar ke kashe, ba ta sami kwafar ɓarnar ba, sai aka tarar da aikin lafiya lau a cikinta. Watau wadda ta makara ita ta tsira da kayan kowa. Darasin a fili yake. Madubi ba ya zaɓe, abin da ya gani shi yake nunawa, kuma madubin da ya fi sauri shi ya fi saurin yaɗa aibi. In wani ya share reshen aiki bisa kuskure a babban rumbu, kwafen da ke bin sawunsa duk minti biyar yana iya bin sharewar kafin a farga. Tazara kan ba mutum damar ya ce a dakata.

Manoman Hardawa sun riga kowa sanin wannan. Hatsin ci dabam, iri dabam. Rumbun ci ana buɗe shi kullum, iri kuwa a ɗaure yake a wani wuri, ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka. Duk wanda ya haɗa su wuri guda, ranar da gara ko gobara ta shiga, ya rasa na bana ya rasa na baɗi.

A kan waɗannan muka tsayar da magana. Leƙe sau uku a yini: da hantsi, lokacin da rana ta hau faifan sola, domin a ɗebo aikin daren 'yan birni; da azahar, kafin yara su zo; sa'an nan gab da magariba, domin a tura abin da suka rubuta kafin a rufe kwamfutar a bar wa wayoyin jama'a batir. A gurbin minti muka sa 17, a gurbin awa 9 da 14 da 18, sauran gurabe uku muka bar musu tauraro, alamar kowace rana. Ba mu sa leƙen daidai kan awa ba, domin a nan ne na'urorin duniya ke rububin ƙofa, har GitHub ma yana gargaɗin cewa ayyukan da aka tsara a farkon awa kan gamu da jinkiri. Muka sa wa aikin sakata, yadda wani leƙe ba zai fara ba sai na gabansa ya gama. Da yake cron ba ya rama abin da ya wuce shi in na'ura tana kashe, muka ƙara umarni cewa duk lokacin da aka kunna ta, ta fara da leƙe guda. Daga ƙarshe muka ware iri: kowace Jumma'a a sauke cikakken kwafe a filas, a rubuta masa kwanan wata, kada sabo ya hau kan tsoho, a kuma kai shi wani gida dabam ya kwana. Daga 288 a yini muka sauko zuwa 3, daga 1 a mako muka hau zuwa 21. Ba wanda ya ci, ba wanda aka kayar, zauren kuma ya dawo da surutunsa.

Kada mai karatu ya ɗauka sau uku ita ce amsar kowa da kowa, domin ko a wajenmu ba ta zauna daram ba. Da damina ta kankama, 'yan gida da yara suka koma gona, gizagizai kuma suka rage wa batir ƙarfi, sai muka mai da shi sau ɗaya a yini. Da kaka ta yi, hatsi ya fara shigowa kasuwa, 'yan kasuwa suna gwada manhajar suna kawo ƙorafi safe da yamma, muna gyara a guje, sai muka ɗaga shi zuwa duk awa har tsawon mako biyu. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Sauyin ba ya ɗaukar fiye da minti guda a rubuce, amma sanin lokacin da ya dace a yi shi, sai wanda ke zaune cikin jama'a yana ganin sararin sama.

Wannan shi ne abin da muke so mu bar wa 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman masu shirin komawa garuruwansu da ilmin zamani. Kayan aikin da ke iso mana daga Amurka da Turai suna zuwa da lambobinsu a cike, kuma an cika su ne bisa rayuwar wurin da wuta ba ta ɗaukewa, data kuma ba ta da tsada idan aka gwada da abin da mutum ke samu. Lambobin ba ƙarya ba ne, na wani gari ne. Na'ura tana da biyayya, amma ba ta san damina ba, ba ta san ranar kasuwa ba, ba ta kuma san cewa batirin da take sha shi ne tuwon daren wani gida ba. Mu ne muka san waɗannan, don haka mu ya kamata mu cika mata gurabenta, mu kuma riƙa komawa muna duba abin da muka cika.

Shi ya sa muka sa wa shi kansa layin nasa lokacin dubawa. Sau biyu a shekara, da ƙaramar salla da babbar salla, lokacin da na Kano da na Azare da na Gadau duk suke gida, mukan zauna a shagon bayan an gama gaishe-gaishe, mu buɗe layin nan mai gurabe biyar, mu tambayi juna ko har yanzu ya dace da yadda muke rayuwa. In ya dace mu bar shi, in bai dace ba mu gyara. Allah ya sa mu dace, amin.